Ruwan Da Ya Ci Layinmu

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma lafiya ƙalau nake, sai 'yar mura da ta kama ni tun saukar damina, ita ma ta fara saki.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa alhali ga waya. To kai ka jawo. Duk ran da na kira ka, "lafiya lau, komai lafiya" kaɗai nake samu, kafin in buɗe baki ka miƙa wa yara. 'Yarka Sarkin Surutu kuwa in ta karɓa, sai labarin kazar maƙwabta har layi ya yanke. Direban motar kayan nan da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa kai mini takarda yana kawo amsa. Sai ka nemo biro, Malam Kafinta, ka zauna ka yi mini magana.

Karatun ungozoma yana ta tafiya. An fara kai mu ɗakin haihuwa, jiya ma na karɓi haihuwar farko da hannuna, malamarmu na tsaye a kaina. Namiji ne, ya fito yana tsala ihu kamar an ƙwace masa abu. Na goge shi na miƙa wa uwarsa. Na juya in ba wani labari, sai na tuna duk waɗanda nake son in ba wa suna can nesa.

Rufin ɗakin kwananmu na siminti ne, ko ruwa ake shatatawa ba ka jin komai. Ban taɓa zaton zan yi kewar ƙarar kwanon ɗakinmu ba, wanda kullum nake yi maka mita a kansa.

Ka toshe yoyon kusurwar ɗakin Inna kuwa? Kuma yaya kwazazzabon nan na bayan layinmu? Bara na ga ya matso sosai. Ka riƙa hana Auta zuwa bakinsa. Ka ce wa Inna ta daina wanki a tsugune, gwiwar nan ba ta yafiya.

Taka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kowa lafiya. Inna ta sa na karanta mata har sau biyu, ta ce in gaya miki gwiwar tata ce, ba taki ba.

Kin san ni da rubutu. Ki ba ni zarto da katako in yi miki magana da su, amma biro yana zille mini. Duk da haka ga shi na zauna.

Yoyo na toshe. Kwazazzabo yana nan yana cin ƙasa a hankali, ya haɗiye bishiyar nan da yara ke lilo a kanta. Mun haɗu mutanen layi mun kwashe sharar da ta toshe lambatu, Mai Wanki ne a gaba kamar kullum, ya shiga har gwiwa yana zagin masu zuba leda. Matarsa ta yi nauyi sosai. Ta ce in tambaye ki, tunda yanzu kin zama Likita, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ko akwai damuwa?

Auta ya yi haƙori sabo. Sarkin Surutu ta fara koyon shara, amma ƙurar da take tayarwa ta fi wadda take kwashewa.

Ina yi miki wani abu a shago. Ba zan faɗa ba.

Gidan ya yi girma da yawa tun da kika tafi. Shi ke nan abin da zan ce.

Baban Auta

*

Baban Auta,

Sallama a gurguje. Ina fatan kuna lafiya, Allah ya sa kuna lafiya.

Tun shekaranjiya ake faɗa a rediyo cewa an yi iska da ambaliya a wajenku, an ce gidaje sun rushe, an ce gada ta karye. Na kira wayarka har na gaji, a kashe. Na kira ta Mai Wanki, a kashe. Na kira duk lambar da nake da ita ta layinmu, ba wadda ta shiga. Direba ya ce shi ma bai san halin da ake ciki ba, amma zai zagaya ta tsohuwar hanya, in mota ta ƙi wucewa zai ba masu kwale-kwale takardar.

Don Allah ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko "muna raye" kawai. Ba na iya cin abinci, a aji ma ina zaune ne kawai.

Maman Auta

*

Maman Auta,

Sallama. A kan gwiwata nake rubutun nan, cikin ajin makarantar firamare inda aka tara mu. Komai a jiƙe yake, har takardar. Yara suna lafiya, suna tare da ni, ki kwantar da ......

Ruwa ya zo mana bayan la'asar ...... ba mu tsira da komai ba sai kayan jikinmu ...... wayata tana can ƙarƙashin laka, turakun wuta duk sun faɗi ......

Inna kuwa mun rasa ta ...... har yanzu ...... Allah kaɗai ......

...... jana'iza da safe, mutanen layi duka ......

Kada ki zo. Ina roƙon ki, kada ki zo ......

Mai kwale-kwale yana jira.

Baban Auta

*

Zuwa ga Baban Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta. Ina yi maka ta'aziyya, ina yi wa kaina.

Takardarka ta zo ruwa ya cinye rabinta. Na ɗaga ta a hasken taga, na juya ta baya, na kira abokiyar ɗakina ta taya ni, amma abin da ya rage ya isa. Kun rasa Inna, an yi jana'iza, kuma kada in zo.

A ranar na haɗa jakata na tafi tasha. Na bi mota mota ina tambaya, kowa ya ce ba hanya, gada ta tafi, tsohuwar hanyar ma laka ta riƙe manyan motoci. Na zauna a kan benci da jakata a cinya har tashar ta watse, sannan na dawo. 'Yan ajinmu sun yi ta shigowa yi mini gaisuwa. Suna tambaya, "Mahaifiyarki ce?" Sai in ce uwar mijina ce, in ga suna ɗan sassauta fuska, kamar abin ya yi sauƙi. Ba su sani ba. Ba su san wadda ta zauna a kaina lokacin haihuwar Auta ba, tana goge mini gumi da gefen zanenta tana yi mini faɗa wai na cika raki. Ba su san ita ce ta ce in tafi karatun nan ba, lokacin da kowa ke cewa wa zai riƙe yara. Ta ce, "Ni na mutu ne?" Haka ta faɗa, kana wurin.

Yaya aka yi? Ruwa ne ya tafi da ita ko gini ne ya faɗa mata? Ta sha wahala? Wa ya yi mata wanka? Ni ya kamata a ce ina cikin masu yi. Ta ambace ni?

Sannan maganar da ta fi tsaya mini a wuya. Kada in zo. Ni ce kada in zo? Baƙuwa ce ni a gidan nan? Ko don na tafi karatu na bar ka da tsohuwa da yara, yanzu abin ya faru ba na nan, ka ga ba ni da amfani a wurin? In haka ne ka faɗa mini a fili, ai na fi ka ganin laifin kaina. Da ina gida da ita ba ta rabu da hannuna ba.

Ka yafe mini in na yi zafi. Ban san da wa zan yi faɗa ba sai kai.

Ran da hanya ta buɗu ina tafe, ko ka so ko ba ka so ba.

Maman Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa, kafin komai: Inna tana raye. Ga ta nan zaune a gabana a kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana tsefe wa Sarkin Surutu kai. Lafiyarta ƙalau sai ƙujewa a hannu. Ki sake karanta layin nan har ya zauna miki, sannan ki ci gaba.

Abin da na rubuta shi ne mun neme ta mun rasa, har lokacin ba mu san inda take ba. Ruwa ya cinye sauran. Da na karanta takardarki sai da na fita bayan aji na daɗe a tsaye. Ki yafe mini wahalar da na sa ki.

Na karanta wa Inna, ban tsallake ko kalma ba don ta hana. Ta yi dariya har da tari, sannan ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta buɗe ba. Ta ce in rubuta miki haka: "Ban mutu ba, 'yar nan, amma na gode da kukan. Ashe haka kike sona kike ɓoyewa. Wankan kuma ki ajiye, yana nan yana jiran ki, ba sauri nake ba."

Yanzu bari in ba ki labari yadda ya faru, ko da biro zai ƙare.

Ranar tun azahar gari ya yi zafi, iska ta tsaya cak. Bayan la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin. Ina shago. Iska ce ta fara zuwa, na ga kwanon gidan mai gyaran babur ya tashi sama yana juyi kamar takarda. Ruwan da aka yi a kanmu bai kai wanda muka saba gani ba. Ashe can kan duwatsu aka yi mai yawan. Har an fara tsagaitawa, mutane sun fara fitowa suna tsintar kwanonsu, sai muka ji wata ƙara daga wajen kwazazzabo, kamar manyan motoci sun jero. Kafin in kai bakin layinmu ruwa ya kawo mini ƙugu. Ja ne, mai kauri, yana ɗauke da firij, da awaki, da ƙofar wani.

Yara na same su a kan katangar gidanmu, Sarkin Surutu ta rungume Auta, ita ta ɗora shi. Karo na farko a rayuwarta da na ga bakinta a rufe. Na saɓa ɗaya a wuya, ɗaya a kafaɗa. Na yi ta kiran Inna, ba amsa. Yarinyar ta ce Inna ta tafi duba matar Mai Wanki. Ina fita da su zuwa kan titi na waiwaya, na ga ɗakinmu ya durƙusa, sannan na Inna ya bi shi. Ba ƙara ma sosai. Kamar sukari a ruwa.

Abin da ya faru a can ƙasan layi daga baya muka ji. Mai Wanki ya fara fitar da matarsa, wasu samari suka ja ta zuwa titi. Ya koma ya goyo Inna. Kafin ya fito ruwa ya raba layin biyu, sai ya bi da ita ta ɗaya ɓangaren, ya ɗora ta a kan matattakalar wani sito. Inna ta ce ta riƙe rigarsa ta ce ya zauna. Ya ce, "Inna, kayan mutane ne a ɗakin, amana ce, yanzu zan dawo." Ya ɓamɓare hannunta ya koma.

Washegari aka same shi can nesa, cikin gonar wani. Jana'izar da kika gani a takarda tasa ce.

Inna kuwa tana tsallake, mu muna nan, ba waya, ba hanya. Na bi asibiti, na bi duk inda aka jera waɗanda aka tsamo, ina ɗaga zane ina dubawa. Ba zan ba ki labarin wannan ba. Da ruwa ya ja baya wani mai kwale-kwale ya ce akwai wata tsohuwa a sito da ta hana kowa sakat, tana raba wa mutane wurin kwana tana faɗa a kan waye bai wanke kwano ba. Na ce ita ce.

Maganar kada ki zo. Haba Maman Auta. Gada ta tafi, masu kwale-kwale suna lodin mutane fiye da ƙima, ɗaya ma ya kife. Na yini ina ɗaga zane a kan fuskokin mutane, sai in ce miki ki shigo ruwan nan? Kuma in kin zo ina zan sa ki? Mata da yara suna aji ɗaya, mu maza muna baranda. Ba ni da ƙofar da zan buɗe miki. Ban taɓa ganin laifinki ba, ko a zuciya. Da kina gida, da ku biyu zan yi ta nema.

Mutum tara layinmu ya rasa. Mai gyaran babur ya rasa 'yarsa. Sauran sai kin zo, ba na son in jera miki su a takarda.

Abin da nake yi miki a shago teburin karatu ne, mai aljihu biyu. Shagon bai rushe ba amma ruwa ya kwana a ciki, teburin ya kumbura ya buɗe baki. Zan sake wani.

Ki ci abinci.

Baban Auta

*

Zuwa ga Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ina fatan kun ƙara samun sauƙin zama. Ni lafiya, na fara cin abinci, ka gaya wa Inna.

A bakin ƙofar makaranta direba ya ba ni takardar. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa, da farin kayana da komai. Mai gadi ya zaci wani ne ya sake mutuwa. Sai da na bi 'yan ajinmu ɗaya ɗaya ina mayar musu da ta'aziyyarsu, suna dariya ina dariya ina kuka. Ka ce wa Inna ta gama da ni, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Amma murnar ba ta cika ba. Mai Wanki. Mutumin da in ya ga na dawo daga kasuwa da kaya sai ya ajiye dutsen guga ya karɓa. Allah ya jiƙansa, ya saka masa. Inna da muke murna da ita a bayansa ta fito.

Ka yafe mini maganganun da na faɗa maka. Kana can kana neman uwarka cikin gawarwaki, ni ina nan ina ɗora maka wani nauyin.

Game da matarsa, ka saurare ni da kyau. Kumburin ƙafa kaɗai ba lallai ya zama matsala ba, amma in fuskarta da hannayenta suka kumbura, ko ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin duhu-duhu, kada a jira, a nemi ma'aikatan lafiya ko da ɗaukar ta za a yi a kafaɗa. In sun zo rabon magani ka tsaya a kansu sai sun auna jininta. Kada ta sha ruwan da ba a tafasa ba, yara ma haka. Ku tanadi sabuwar reza da zare mai tsabta da sabulu, Inna ta ajiye a wurinta. Kuma kada a bar ta ita kaɗai, mai ciki da takaba abin ya yi mata yawa.

Ni kuwa na kasa karatu. In na buɗe littafi sai in ga tsakar gidanmu. Ina ta shiga ɗaki ɗaki a raina, ina taɓa kaya. Madubin da ya tsage a gefe. Zanen da ka yi a jikin ƙofa kana auna tsayin yara. Har tukunyar nan mai hannu ɗaya da na sha cewa zan yar. Na san an rasa rayuka, kunya nake ji in yi kukan tukunya, amma kai kaɗai zan iya gaya wa. Ban yi sallama da gidan ba. Ran da zan taho sauri nake kada mota ta tashi, ko waiwayawa ban yi ba.

Na yi magana da malamarmu a kan in ajiye karatun sai baɗi. Ta ce in yi tunani, jarrabawa ta kusa. Na yi tunanin. Me zan yi da takardar shaida alhali 'ya'yana suna kwana a ƙasan aji? Ka ce in zo kawai.

Taka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Auta ya yi gudawa amma ta tsaya, mun bi abin da kika ce. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, motar direba ce ta lalace, mu ma abubuwa sun yi mana yawa.

Matar Mai Wanki ta sauka. Mace aka samu, suna lafiya su biyun. Naƙuda ta kama ta da hantsi, ana tsakiyar wani ruwan. Muka aika a kira ma'aikatan lafiya, suna tsallake, mai kwale-kwale ya ce ba zai shiga ba sai an ɗauke. Mata suka kare kusurwar aji da zannuwa, suka kore mu. Inna ce ta karɓa, da rezar da zaren da kika ce. Ni ina baranda da takardarki a hannu, Sarkin Surutu tana kai da kawo tsakanina da su. Daga baya Inna ta fito ta zauna kusa da ni. Ta ce jini ya zuba fiye da yadda take so, Allah ne kawai ya tsayar. Ta ce, "Ni abin da na gani a wurin tsofaffi nake yi. Da abin ya juya, ban san ta inda zan kama ba."

A ajin nan kaɗai akwai masu ciki da yawa, Maman Auta. Ma'aikatan sun iso bayan an gama komai.

Kin ce in ce ki zo. Wallahi ba abin da bakina ya fi so ya faɗa. In na ga mata suna raba wa mazajensu abinci a baranda, kowa da mai ce masa "ƙara kaɗan", sai in ɗauki nawa in koma bayan aji. Auta ya fara kiran matar mai gyaran babur Mama, na kasa hana shi, ita ma da ta rasa tata 'yar ta kasa hana shi. Rannan na ga wata daga nesa da irin mayafinki, na san ba ke ba ce, amma sai da na bi ta da ido har ta sha kwana.

Duk da haka ba zan ce ki zo ba. Ki zauna ki gama. Wannan karon da hankalina nake faɗa, kuma takardar a bushe take, ba abin da ruwa ya ci.

Sauran labari. Hukuma ta ce ba wanda zai sake gini a bakin kwazazzabo. An ba mu fili a kan tudu, bayan gari. An yi ta rigima, wasu sun ce ba za su bar inda aka haife su ba, wasu sun kwashe iyali sun koma wajen danginsu. Layinmu ya watse. Maƙwabcin da ka saba jin tarinsa ta katanga, yanzu sai dai ka ji an ce ya tafi. Na je na tsaya a inda gidanmu yake. Yashi ne shimfiɗe, sumul, ko tubali ɗaya babu. Na yi masa sallama a madadinki.

Mu da muka rage mun fara aiki a tudu. Kowa yana taya kowa, ni ne mai rufi da ƙofofi. Ɗakin matar Mai Wanki muka fara tayarwa, jikin na Inna. Inna ta ce ita da jaririyar nan ba mai raba su.

Ki buɗe littafin nan ki karanta.

Baban Auta

*

Zuwa ga Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da mai jego da yara. Ni lafiya ƙalau.

Na gama. Jiya muka fito daga jarrabawar ƙarshe, kuma malamarmu ta kira ni gefe ta ce in kwantar da hankalina, hannuna ya yi kyau. Ban san yadda na yi ba. Duk tambayar da aka yi a kan zubar jini bayan haihuwa, kusurwar ajin nan nake gani.

An ce an yi gadar wucin gadi, motoci sun fara wucewa. Direba ya ce in shirya, zuwansa na gaba da ni zai koma. Na haɗa kaya tun yanzu, 'yan ɗakinmu suna ta yi mini tsiya wai ko amarya ba ta kai ni ɗoki ba.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai, kada ka yi dariya. Ɗazu ina kwance ina tsara yadda zan sauka a bakin titi, in bi ta gaban shagonka, in gangara layi, sai na tuna ba layin. Na tashi zaune. Matar aure da 'ya'ya biyu, ban san hanyar gidana ba. A ina zan ce a sauke ni? Wace ƙofa zan tura? In na yi sallama a gidan wasu fa?

Ka kwatanta mini dalla-dalla.

Taka,
Maman Auta

*

Maman Auta,

Sallama. Kowa lafiya. Barka da gamawa, Likita. Inna ta yi guɗa har jaririya ta farka.

Ga kwatance. In kun haye sabuwar gada kada ki sauka a inda kika saba. Ki bari sai kun wuce gidan mai, za ki ga hanya ta ɓalle ta hannun dama, jar ƙasa ce, tana hawa. Ki sauka nan. Ki bi ta har ki ga tankin ruwa a kan ƙarafa. Daga tankin ki ƙirga, a'a, kada ma ki ƙirga, gidajen duk iri ɗaya ne, bulo ne ba shafe, kuma kullum ana ƙara wani. Namu ba katanga tukuna. Ɗaki biyu ne, ɗaya da ƙofa, ɗaya da labule. Mai ƙofar na Inna ne. Namu na bari sai kin zo kin faɗi ta wane gefe kike so ta riƙa buɗewa.

Ba inuwa a wurin, iska kuma tana da yawa, ki riƙe mayafinki da kyau. Ba kyau kamar tsohon. Gara ki sani tun yanzu.

Na sake karanta kwatancen nan na ga ni kaina da shi zan ɓata. Ki bar shi kawai. Direba ya gaya mini ranar. Tun safe zan ajiye aiki in sauko bakin hanya da yara, duk motar da ta tsaya za mu leƙa. Ke dai ki zauna ta wajen taga.

Baban Auta